Ashe Incognito bai ɓoye ni ba

Na daɗe ina ɗauka in na buɗe baƙin shafin nan na Incognito, wato shafin sirri na burauzar Chrome ta Google, shi ke nan na shige ɗaki na ja ƙofa. Sai ranar da na duba wani agogo a ciki, ban ma saya ba fa, amma kwana uku tallansa na biye da ni duk inda na leƙa. Daga baya na tuna ai na shiga akawun ɗina a wurin, wato ni da kaina na faɗa wa masu tallan ko ni wane ne.

Aikin Incognito kaɗan ne, in ka rufe ya goge tarihi da kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza) daga wayarka don wanda ya ari wayar kar ya gani. Shafin da ka je da kamfanin da ke ba ka data kuwa suna ganinka sarai. Har ƙarar Google aka kai a Amurka kan wannan, a 2024 suka yarda za su goge biliyoyin bayanan mutane.

Su kukis ɗin asalinsu ba mugun abu ba ne, Lou Montulli ya ƙirƙiro su a kamfanin burauza na Netscape a 1994 don shafi ya riƙa tuna mai ziyara. Abin da ke damuna shi ne baƙin da ke laɓe a shafin, masu talla, maɓallin Facebook, wani ɗan ɗigon hoto da ido ba ya gani, kowanne ya manna maka lamba, gobe ka shiga wani shafin daban su ma suna can, sai su ce ga mutuminmu na jiya, a haka ake haɗa ciwon da ka bincika da bashin da kake nema da lokacin da kake kwanciya. Ko ka goge kukis ma akwai wata dabarar, a haɗa girman allonka da yaren wayar da yankin lokaci da samfurin burauza su zama kamar zanen yatsa.

Yanzu dai na koma burauzar Firefox, tun 2019 take toshe kukis masu bin sawu, na ƙara mata uBlock Origin mai toshe talla da masu bin sawu. In shafi ya nemi in amince da kukis sai na lalubo wurin ƙin yarda ko sun ɓoye shi, kuma ina fita daga akawun in na gama. Shi kuwa VPN, manhajar da ake amfani da ita don ɓuya a intanet, adireshin IP yake sauyawa, wato lambar da wayarka ke fita da ita a intanet, in ka shiga da sunanka bai tsinana maka komai ba.

Jiya na gwada wayata a shafin Cover Your Tracks, mai auna yadda ake iya bin sawun burauza, na ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet. Masu bin sawu an tare su, amma ya ce har yanzu zanen yatsan burauzata ya fita daban da na kowa.