Wata uku a Wageningen

Kwana biyar ke nan da dawowata Kano, har yanzu kunnena bai daina jiyo ƙararrawar keke ba. Karatuna na ilimin abinci mai gina jiki ne ya kai ni Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan, na yi wata uku ina koyon aiki a sashen da ke bincike kan abinci da lafiyar ɗan'adam.

Tun a filin jirgi aka fara ɓata min rai. Umma ta ɗaure min kilishi da daddawa da kuka da yaji, jami'in da ya buɗe jakata ya ɗaga ledar daddawar da yatsu biyu yana toshe hanci, kilishin kuma ya wurga a kwandon shara ko kallona bai yi ba. Dokar ban ƙi ta ba, an hana shigo da nama da madara daga wajen Tarayyar Turai saboda cututtukan dabbobi, mun ma karanta wannan a aji, amma wallahi da ya yi min bayani cikin mutunci da ban yi hawaye a cikin jirgin ƙasa ba.

Garin ƙarami ne, daga tashar Ede-Wageningen sai bas, bayan nan kuma keke ne komai. Farfesa a keke, mai ciki a keke, ga ruwan sama ba ya ɗaukewa. Na samu na hannu wajen wata ɗaliba 'yar Indonesiya da za ta koma gida, yuro 60, ta haɗa min da kwaɗo da fitila, shi ne kaɗai abin da na saya da araha a ƙasar. Garin zogale kuwa da na gani a ɗan gwangwani a shago, kuɗinsa zai cika kwarya nawa a kasuwar Rimi, mu da yake tsirowa a bayan katanga wasu ma suna kiransa abincin talaka. Abincinsu na rana burodi ne da cuku, kullum. Daga baya na gane ta burodin suke samun aidin, sinadarin nan da ke hana maƙoƙo, don masu gashi da gishiri mai aidin suke kwaɓi, kuma dabarar ta burge ni sosai.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai a gidan da na sauka na same shi. Mai gidan tsohuwa ce, Oma nake ce mata, wato kaka, ta sayo tukunya sabuwa dal don kada abincina ya haɗu da naman alade, ban ma roƙa ba. Wani dare muna shan miyar wake ta ce min a 1945 aka haife ta a Rotterdam, tana cikin mahaifiyarta lokacin yunwar hunturun 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin Jamus suka tare hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar. Mutum wajen 20,000 suka mutu, mahaifiyarta har albasar furen tulip ta dafa ta ci. Washegari a lakca sai ga wannan yunwar a allo. Masu bincike sun bi waɗanda ke cikin iyayensu mata a watannin nan har suka manyanta, aka ga ciwon suga da ciwon zuciya sun fi kama su. Yunwar 'yan watanni fa, ana bin sawunta shekara da shekaru.

Ina zaune sai na tuno asibitin da na yi aikin sa-kai a Katsina, uwa ta miƙo hannun yaro a zagaya masa tef ɗin awo a damtse, ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani, a ba ta ƙunshin gyaɗar tamowa, yaro ya farfaɗo a sallame su. Ita uwar da ke ɗauke da wani cikin ba wanda ya tambayi me ta ci jiya, kuma ba wanda zai san labarin yaron yana ɗan shekara arba'in. Na faɗa wa malamar da ke duba aikina, ta ce to ki rubuta a kai, kuma shi na rubuta.

Na leƙa Hotel de Wereld da ke Wageningen inda aka yi zaman miƙa wuyan sojojin Jamus da ke Holan ranar 5 ga Mayu 1945. Amsterdam kwana ɗaya na yi, tsada da cunkoso, ban ji daɗinta ba. Keken na bar wa wata 'yar Gana, Oma kuma ta riƙe sauran yajin, ta ce a kan dankali za ta riƙa barbaɗawa.