Wandon da na ɗinke sau uku

Sau uku cikin wata guda yayata tana aiko mini da wando ɗaya in gyara. Na ɗanta ne, yaro mai shekara 16 da zai rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta BEPC bana. Karon farko gwiwar dama ce ta fashe, na biyu ta hagu, na uku kuwa tsakiyar ce ta tsage tun daga gaba har baya. Shekarata 22 a kan keken ɗinki a nan Garwa, arewacin Kamaru. Na san yagewar ƙusa, na san ta wanda babur ya kayar, amma wannan ban gane kanta ba. Da ya zo karɓa sai na riƙe wandon na ce, "Kai, da wa kake kokawa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba kokawa ba ce, rawa ce."

Ranar Asabar bayan la'asar na rufe shago na bi bayansa, niyyata in jawo shi gida da kunne. Wani kango ne kusa da filin ƙwallon Roumdé Adjia, inda Najeriya ta ci Masar 1-0 a watan Janairun 2022. Samari ne kusan goma sha biyar. Sun farke kwalayen firji biyu sun shimfiɗa, sun danne gefen da duwatsu. Ga 'yar sifika mai caji da aka ɗaure murfinta da roba, ga waya an jingina da bulo tana ɗaukar hoto. Na laɓe gindin wata darbejiya.

Da layi ya zo kansa ya shiga tsakiyar da'irar da sanɗa, yana ɗan wasa da ƙafa kamar mai taka garwashi. Can sai ya zube, hannu ɗaya a ƙasa, ƙafafun suna juyawa kamar ana kaɗa miyar kuka da maburgi. Kiɗan na tsayawa shi ma ya tsaya cak, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Wurin ya ɗauki ihu. Yaron da a gida sai ka yi masa tambaya sau biyu kafin ka ji muryarsa, shi ne ya miƙe yana nuna wani dogon saurayi da yatsa, wai ya fito in ya isa. A nan na ga inda gwiwar wandon take tafiya. Kunnen da na zo ja kuwa na manta da shi.

A hanyar gida shi ya zama malami. Ta ƙasan nan, in ji shi, sunanta birek, a unguwar Bronx ta birnin New York aka fara ta cikin shekarun 1970, har ta shiga gasar Olamfik ta Faris a 2024. Ta tsaye kuwa dafa-duka suke yi: kupe-dekale da 'yan Kwadebuwa mazauna Faris suka ƙirƙiro a farkon shekarun 2000, da ndombolo ta Kwango, da mbole da ta fito daga lungunan Yawunde, da amapiano ta Afirka ta Kudu. Duk a TikTok suke koya, su rage gudun bidiyon su yi ta maimaitawa har cajin wayar ya ƙare.

Na yi ta juya abin a raina, me ya ja su haka? Kowane yaro a garin nan ya taɓa mafarkin buga wa Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garinmu, amma ƙwallo tana son takalmi, tana son wanda zai zaɓe ka, kuma mutum goma sha ɗaya kawai ake sakawa. Rawar nan kwali ne da jikinka. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da'irar kanta. Su tara ne a gidan yayata, a ajinsu kuma sun yi yawan da malami ba ya riƙe sunan kowa. A kan kwalin nan kaɗai yake samun rabin minti da kowa zai yi shiru ya zuba masa ido. Kuma babu mai tambayar ɗan waye kai. Na ga Bafulatani, na ga 'yan Tupuri da Mundang, da wani ɗan kudu da aiki ya kawo ubansa kamfanin auduga na Sodecoton. Ana tsokana da Fulatanci, ana ƙirga taku da Faransanci, in abu ya yi daɗi sai ka ji "wallahi ya kashe shi!" da Hausa.

Da na kai wa yayata labari ta ce shi ya sa ya kawo mata 8 bisa 20 a lissafi. Na ce, "Yaya, laifi tudu ne. Ke ba da bulala Inna take koro ki daga dandali ba, in farin wata ya fito kuna gaɗa?" Ta harare ni ta ce, "Mu da ƙafa muke tsayawa, ba da ka ba. Kuma tamu in gari ya waye ta wuce, babu wanda ya ajiye ta a waya." Nan ta rufe mini baki, don gaskiyarta ce. Akwai wata karkaɗa ƙugu da na gani a wurin wadda ba zan so a nuna wa surukansa ba nan da shekara goma. Ga wani yaro cikinsu da hannu a ɗaure, targaɗe ya yi makon jiya, bai kuma fasa zuwa ba.

Mun dai yi yarjejeniya, ni ne shaida. Asabar da Lahadi kawai, kiran magariba ya same shi a gida, lissafi kuma ya haura 10 ko kwalin ya koma bola. Ni kuma na ɗinka masa wando na yadin kaki mai kauri, na ninka gwiwa biyu, na saki tsakiyar yadda ƙafa za ta buɗe ba tare da zare ya yi ƙara ba.

Abokansa suka gani. Yanzu guda shida ne a rataye a shagona, iri ɗaya, za su sa a gasar rawa ta makon matasa kafin bikin Ranar Matasa na 11 ga Fabrairu. Kafin alƙalami suka kawo mini cikin leda, duk tsabar silalla, sai da na zauna na ƙirga. Ragowar wai sai sun ci gasa. Jiya da safe na riga na miƙa wa dogon nan nasa ya gwada, ya tsuguna ya miƙe sau biyar a ƙofar shago, maƙwabcina mai gyaran rediyo yana kallonmu yana girgiza kai.