Abin da na koya a gefen kan majinyaci

Tun da na yi zagayen koyon aiki a sashen likitocin sa barci nake juya batun ko wannan fanni zan riƙa a matsayin sana'a. Babban abin da na fahimta shi ne, aiki ne na shiri da sa ido, kuma wanda hankalinsa ke yawan yawo ba zai ji daɗinsa ba.

Maganin sa barci da ake kira propofol yakan kwantar da mutum cikin ƙasa da minti ɗaya, sau da yawa numfashinsa ma ya tsaya. In an ƙara da allurar da ke sassauta tsoka, ba zai iya jan iska da kansa ba sam, ga shi ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin oksijin fiye da 'yan mintuna. Shi ya sa rabin aikin yake ƙarewa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Za ka sa majinyaci ya buɗe baki, ka duba haƙoransa da tsawon wuyansa, ka auna ko bututun numfashi zai shiga maƙogwaronsa cikin sauƙi. Za ka tambaye shi yaushe rabonsa da abinci, domin ƙa'ida ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa, gudun kada abin cikinsa ya dawo ya faɗa huhu. Babbar likitar da na koya a hannunta ba ta yarda a fara komai sai ta ga kayan dabara ta biyu a shirye, ko da aikin na minti goma ne. Kullum takan ce mana, "Kada ku kwantar da mutum sai kun san yadda za ku ba shi iska."

Abin da ya fi taɓa ni shi ne fiɗar haihuwa. Ana yi wa uwa allura a gadon baya, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, amma idonta biyu, tana jin duk motsin ɗakin. Jininta kan sauka nan take, sai tashin zuciya. Hannunka ɗaya yana kan magani, idonka yana kan na'ura, bakinka kuma yana kwantar mata da hankali har a ji kukan jariri. Ma'aunin da ake duba lafiyar jaririn da shi a minti na 1 da na 5 ma likitar sa barci ce ta ƙirƙiro shi, Virginia Apgar, a 1952.

Fannin bai tsaya a ɗakin tiyata ba. A annobar shan inna ta birnin Kopenhagen na ƙasar Denmark a 1952, wani likitan sa barci mai suna Bjørn Ibsen ne ya kawo shawarar a riƙa hura wa marasa lafiya iska ta bututu, ɗaliban likitanci suna matsa jakar iska da hannu dare da rana. Daga nan sashen kula da masu tsananin jinya ya samo asali.

Akwai abin da mai sha'awar fannin ya kamata ya sani tun da wuri. Majinyaci zai farka ya gode wa likitan fiɗa, kai kuwa da wuya ya tuna fuskarka. Ba za ka bi lafiyar mutum shekara da shekaru ba kamar likitan iyali. Ga kiran dare, ga zama kullum da magunguna masu sa jaraba, waɗanda suka jefa wasu ƙwararru cikin halaka.

Duk da haka zuciyata ta karkata gare shi. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya tana neman a samu aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, amma ƙasashe da dama ba su kai ko 1 ba. A irin waɗannan wurare mace takan rasa ranta wajen haihuwa alhali likitan fiɗa yana nan, don kawai babu wanda zai riƙe mata numfashi.