Na koma Lightroom saboda hoto guda ɗaya

Shekara da shekaru ina amfani da ƙaramar manhajar da ta zo da kwamfutata wajen duba hotuna, ban taɓa jin ta gaza mini ba. Sai ranar da ƙanwata ta ce in nemo mata hoton mahaifinmu, wanda yake zaune bakin taga yana gyara gilashinsa. Kwana biyu ina buɗe folda bayan folda, duk sunayen iri ɗaya ne, IMG da lambobi. Na samo shi, amma raina ya sosu ƙwarai.

A makon nan na koma Lightroom Classic, manhajar tsara hotuna da gyara su. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba ya taɓa ainihin hoton. Duk gyaran da na yi, na haske ko na launi, a kundinsa yake rubuta shi, fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, yana nan yadda kyamara ta ɗauko shi. Kundin nan kuwa bai ƙunshi hotunan ba, inda suke kawai ya sani. Shi ya sa idan zan matsar da folda, daga cikin manhajar nake yi, don kada ya nuna mini alamar tambaya, wato ya rasa inda hotunan suke.

Wahalar tana wajen saka kalmomin nema. Kullum da daddare nakan ɗauki hotunan wata guda, in ba su taurari daga 1 zuwa 5, in rubuta sunan wanda ke ciki. Jiya na buga “Baba”, sai ga fuskarsa ta cika allo, har da wasu hotuna da na manta na ɗauka. Nan take na tura wa ƙanwata guda uku.