Katin inshorar lafiya da tsofaffin gidajenmu

Duk wanda yake da tsoho mai hawan jini ko ciwon suga a gida ya san maganin nan ba na sati ɗaya ba ne, wata na ƙarewa ka sake komawa kemis, ga gwajin jini ga na fitsari ga kuɗin ganin likita, haka za a yi ta yi har ƙarshen rai. Shi ya sa in wani ya ce min inshorar gwamnati ba ta da amfani nake cewa a'a, kai dai ba ka taɓa tsayawa a tagar karɓar magani da takarda a hannu aljihu ba ko sisi ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke cikin tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka ƙaddamar a 2005 da sunan NHIS, kashi 10 cikin 100 kawai yake biya na kuɗin magani. Wallahi ba ƙaramin sauƙi ba ne.

To amma su wa katin ya ɗauka? Ma'aikaci, matarsa ɗaya, da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mahaifiyarsa da ke ɗaki tana fama da ciwon gwiwa ba ta ciki sai ya biya mata daban. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne, shi kansa in ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki ya yi ritaya, katin sai ya tsaya, daidai lokacin da jiki ya fara neman asibiti kuma fanshon ma ba lallai ya zo a kan kari ba.

A 2022 Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, hukumar inshorar lafiyar da ta maye gurbin NHIS, dokar ta mai da inshora wajibi ta kuma tanadi asusu don masu rauni har da tsofaffi. Akwai kuma BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko, da ke samun kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta nan ake yi wa wasu dattawa rajista kyauta a ƙananan asibitocin mazaɓu. Tsarin yana da kyau, sai dai gurbin kaɗan ne, tsoho manomi a ƙauye sau da yawa bai ma ji labari ba.

Wanda ya samu katin ma da sauran aiki. Na raka gwaggota wani asibiti, tun hantsi tana kan benci da katinta a ƙulle a leda cikin haɓar zani, da muka isa taga aka ce farasitamol ne kawai akwai, na hawan jinin "babu, Hajiya a je a saya a waje".

A Gana wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin zubin inshora na shekara, ko ya taɓa aikin gwamnati ko bai taɓa ba. Ni abin da nake so in gani a nan ke nan, a kuma bar wa ɗan fansho katinsa.