Hawan Dutsen Nur zuwa Kogon Hira

Duk Bahaushen da ya daɗe a Makka ya san cewa idan baƙi suka zo daga gida, suka kammala Umara suka huce gajiya, abin da ke biyo baya shi ne maganar ziyara, kuma a cikin wuraren ziyarar babu wanda ake yawan roƙon a kai mutum kamar Kogon Hira. Arfa da Mina da Muzdalifa mota ce ke kai mutum ta dawo da shi, amma Hira sai da ƙafa, kuma a nan ne abin da zuciya ke so yake rabuwa da abin da gwiwa za ta iya ɗauka. A ganina hawan ya cancanci wahalarsa ga wanda Allah Ya ba lafiya, sai dai nauyi ne a kanmu, mu mazauna garin, mu gaya wa baƙinmu gaskiyar yadda dutsen yake tun kafin su sa ƙafa, maimakon mu bar su da labarin da suka ji a masauki cewa ai ɗan hawa ne kawai.

Dutsen Nur, wanda Larabawa ke kira Jabalun Nur, yana arewa maso gabashin Harami, tafiyar kimanin kilomita 4, kuma ana gane shi daga nesa saboda ƙoƙuwarsa da ta yi kama da tozon raƙumi. Tsayinsa ya kai kusan mita 640 daga doron teku, amma da yake ita kanta Makka a kan tudu take, abin da ƙafa ke hawa daga gindinsa bai kai rabin haka ba. Wannan gajartar ce ke yaudarar mutane. Hanyar ba ta da shimfiɗaɗɗen wuri da za a ce mutum ya miƙe ya yi tafiya numfashinsa ya dawo. Daga farko har ƙarshe hawa ne, a kan matakala fiye da dubu waɗanda ba a yi su da awo ɗaya ba, wata iyakarta idon sawu, wata kuma sai an ɗaga ƙafa kusan zuwa gwiwa. Saurayi mai jini a jika zai iya kaiwa sama cikin ƙasa da awa guda, dattijo kuwa yakan ci awa biyu ko fiye.

Lokacin da aka zaɓa shi ne rabin shirin. Da bazara zafin Makka yana haura digiri 40, kuma dutse yana riƙe zafin rana har bayan magariba, don haka wanda ya tasam ma hawan da hantsi ya jefa kansa cikin haɗari da hannunsa. Mafi sauƙi shi ne a fita da an idar da sallar asuba, ko kuma da dare, musamman tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da gari ke yin sanyi. Tun daga 2023 akwai cibiyar al'adu ta Hira a gindin dutsen, mai ɗakin baje kolin tarihin wahayi da wuraren zama da na cin abinci, abin da ya sauƙaƙa wa iyalai sosai, domin wanda ba zai hau ba ya samu inda zai jira cikin mutunci.

Na yi wannan hawan tare da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya zo Umara da uwargidansa a lokacin sanyi. Manomi ne da ya saba da aikin ƙarfi, kuma ba ya fama da wata cuta, shi ya sa ban hana shi ba. Hajiya kuwa tana da ciwon gwiwa da hawan jini, saboda haka tun a gida na lallashe ta ta haƙura, ta zauna a ƙasa tare da maiɗakina. Da muka fito na ga kawu da silifa irin wanda ya yi ihrami da shi, sai na ce masa, "Kawu, ku yi haƙuri ku sa wannan takalmin mai igiya, silifa ba ya riƙe ƙafa a kan dutse." Ya duba shi ya ce, "To, ɗan nan, kai ne ɗan gari." Muka ɗauki ruwa a jakar goyo, da 'yan dabino, da tocila, ba mu ƙara komai ba, domin duk abin da aka ɗauka a ƙasa nauyinsa yana ninkuwa a sama.

Kashi na farko na hanyar shi ne mai karya zuciya, saboda jiki bai ɗumama ba, numfashi yana sama-sama, ga shi in an ɗaga kai sai a ga kamar ba a taɓuka komai ba. Abin da ke taimako shi ne a daina duban sama, a rage faɗin taku, a tsaya a sha ruwa kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama. Akwai rumfuna nan da can da ake zama a huta, kuma a cikinsu ne mutum yake ganin irin jama'ar da dutsen ke tarawa: Turkawa, da mutanen Indunusiya da Pakistan, da 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar da Sudan. Wata tsohuwa Baturkiya ta wuce mu tana dogara sanda, tana ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala, ta jawo ɗayar ta haɗa su, sannan ta ɗan tsaya, leɓɓanta suna motsi da salati, ba ta gaggawa kuma ba ta zama. Kawu ya bi ta da kallo, ya miƙe ya ɗauki irin tafiyarta, da ita kuma ya kai har sama. Da gari ya fara wayewa birai sukan fito a gefen hanya, sun saba da mutane ƙwarai, kuma idan suka ga leda a hannu sai su fizge, don haka abinci a cikin jaka ya kamata ya zauna, kada kuma a miƙa musu komai.

Daga ƙoƙuwar dutsen ana ganin Makka shimfiɗe tsakanin duwatsunta, ga hasumiyar agogo mai tsayin mita 601 tana nuna inda Harami yake. Mutane da yawa suna zaton da an kai nan an iso, alhali kogon yana ɗan ƙasa ta ɗaya gefen. Sai an gangara wasu matakala masu santsi, sannan a ratsa wata matsattsiyar kafa tsakanin manyan duwatsu inda dole mutum ya juya ta gefe, ya cire jakarsa ya riƙe a hannu, kafaɗarsa tana gugar dutsen da hannuwan mutane suka goge har ya yi sheƙi. Kogon kansa ƙarami ne, tsawonsa bai kai mita 4 ba, faɗinsa kuwa mita ɗaya da rabi ne da 'yan kai, mutum biyu ko uku ne za su iya tsayawa a ciki, kuma yana fuskantar ɓangaren Ka'aba.

A wannan ɗan wuri ne, a watan Ramadan na shekarar 610 Miladiyya, Mala'ika Jibrilu ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗan shekara 40, da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ. Hadisin Nana A'isha da Bukhari ya ruwaito ya bayyana cewa yakan keɓe a kogon yana ibada darare masu yawa, ya tafi da guzurinsa, idan ya ƙare ya koma wurin Nana Khadija ya sake ɗaukar wani. Tun muna makarantar allo muke jin wannan labarin, amma ban fahimci nauyin maganar guzurin ba sai da ƙafafuna suka san dutsen. A zamaninsa babu matakala, babu ƙarfen kamawa, babu rumfa, babu fitila, kuma duk ruwan da zai sha sai an hau da shi. Wanda ya zaɓi irin wannan wuri ya bar kasuwar Makka da hayaniyarta da gumakanta, ba ƙaramar buƙata ce ta kai shi ba. Haka kuma idan aka karanta cewa ya sauko zuciyarsa tana bugawa, ya shiga wurin Khadija yana cewa a lulluɓe shi, wanda ya hau dutsen yana ganin tsawon gangaren da ya bi cikin wannan firgici, da sauran tafiyar da ta rage kafin ya isa gida, har ta kwantar masa da hankali, daga baya ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal. Kawu ya daɗe a tsaye a bakin kogon bai ce uffan ba, sannan ya karanta ayoyin biyar a hankali, muka matsa muka ba na bayanmu wuri.

Abin da ke damuna a wurin shi ne halin da wasu ke nunawa. Ana turereniya a bakin kogon har a danne tsofaffi, wani ya shiga ya ƙi fitowa yana ɗaukar hoto alhali layi ya miƙe a bayansa, wasu suna rubuta sunayensu da fenti a jikin dutse, wasu suna shafa shi don neman tubarraki, ga robobin ruwa zube a kowane lungu. Hawan Hira ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, kuma hukumomi sun kafa alluna da harsuna daban-daban suna bayyana haka. Wanda bai hau ba, ibadarsa ba ta ragu da komai ba. Ina nanata wannan ne saboda na sha ganin alhazanmu masu ciwon zuciya ko ciwon suga ko asma suna tilasta wa kansu hawan, suna jin kamar zuwansu bai cika ba in ba su taɓa kogon ba, wasu ma kwanaki kaɗan kafin tsayuwar Arfa, lokacin da ya kamata su tattala ƙarfinsu don abin da aka wajabta musu. Sallah ɗaya a Harami ta fi sallah dubu ɗari a wani wuri, kuma wannan falala tana nan a ƙasa, kusa da masaukinsu.

Saukowa ta fi sauri amma ta fi cin gwiwa, kuma a nan ne aka fi samun zamewa, saboda ƙafa ta gaji, hankali kuma ya riga ya tafi gida. Na riƙa tafiya a gaban kawu da taku ɗaya, yana dafa kafaɗata a wuraren da matakalar ta yi zurfi, cinyoyinmu suna rawa, rana kuma ta fara dukan bayan wuya duk da cewa lokacin sanyi ne. Mun kwashe robobinmu da wasu da muka tsinta a hanya muka sauko da su a jaka. A ƙasa muka tarar da Hajiya ta zagaya ɗakin baje kolin, ta ji bayanin wahayi da na annabawa ba tare da ta wahalar da ƙafarta ba, tana ta sa wa maiɗakina albarka.

A mota kawu ya tambaye ni labarin Dutsen Saur, inda Manzon Allah da Sayyidina Abubakar suka ɓuya dare uku a hanyar hijira a shekarar 622. Na gaya masa cewa wancan yana kudancin gari, tsayinsa ya haura mita 700, kuma hanyarsa ta fi ta Hira tsawo da wahala nesa ba kusa ba. Muka yi shawara cewa bayan ya huta kwana biyu zan kai su gindinsa da mota, shi da Hajiya, su gan shi daga ƙasa.