Kopenhagen, da abin da reza biyu suka nuna min

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu barcina bai dawo daidai ba. Maganar jirgi a bar ta, banda wani jami'i a inda muka canza jirgi da ya yi ta juya fasfo ɗina wai me malamin fiziks zai je yi Denmark, kamar fiziks ɗin gadon gidansu ne.

Tsada kam ba a magana. Kofi ɗaya krone 45, kuɗin Denmark, da na buga shi da naira sai da na ji ya ƙara ɗaci. Farfesa guda a kan keke yake zuwa aiki, a nan gida da tuni an ce asiri aka yi masa.

Mun je cibiyar binciken fiziks ta Niels Bohr a titin Blegdamsvej, wadda aka buɗe a 1921. A ɗakin saman ginin masanin fiziks Heisenberg yake kwana lokacin da ya fito da ƙa'idar rashin tabbas a 1927, yana ɗan shekara 25, maigidansa Bohr ya tafi Norway wasan ƙanƙara. Na yi hotuna, amma abin da ya tsaya min a rai a gidan wani dattijon malami ya faru, bayan ya cika mu da kifi da dankali. Ya kashe fitila, ya haɗa bakin reza biyu ya bar 'yar tsaga kamar silin gashi, ya haska jan leza ta ciki zuwa bango, tazarar mita 2. Tsaga 0.1 na milimita, jan ya baje wajen santimita biyu da rabi, da ɗigo-ɗigo hagu da dama. Ya ce matse da hannunka. Na matse ina jiran ya tsuke, wallahi sai ya ƙara faɗi! Ka rage tsagar rabi, faɗin ya ninka. Ƙa'idar rashin tabbas ɗin ke nan, wato iya yadda ka takura ƙwayar haske ka san inda ta bi, iya yadda saurinta ta gefe ke kuɓuce maka, kuma ba laifin kayan awo ba ne, haka abin yake. Shekara nawa ina rubuta wa yara wannan a allo, ban taɓa gani da idona ba, ga reza a kowane kanti.

Sauran kwanakin, shawarma a unguwar Nørrebro, magariba wajen goma na dare, ruwan sama. Leza ɗaya na sayo, Litinin 'yan ajina za su matse da kansu.